Guntun Alli a Azumin Tamanin da Huɗu

Azumi yana ɗaukar shekara talatin da uku kafin ya gama zagaye ya dawo inda ya baro. Bana ya dawo bakin damina, lokacin da hadari ke haɗuwa da la'asar ya yi baƙi ƙirin ta gabas, mace ta kwashe shanya da gudu, sannan iska ta zo ta watsa shi ba ko ɗigo. Jiya haka ya yi mana a Makera. Ina tsaye a tsakar gida da zannuwa a hannu, maƙogwarona kamar an barbaɗa masa toka, sai na ji ƙanshin alli. Babu alli a gidan nan. Makarantu ma yanzu da alƙalami suke rubutu a farin allo, in ya ƙare a jefar a ɗauko wani. Amma na ji shi, kuma na san daga wace shekara ya taso.

Tamanin da huɗu ce. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau a arewa ba, 'yan'uwan da suka saba aiko mana da buhun gero sai suka koma aiko da wasiƙa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka sallama daga masaƙa a Kakuri tun kafin azumi. Injinan sun tsaya, an ce kayan gyaransu ba sa shigowa. Duk da haka in jiniyar masaƙa ta safe ta yi kuka sai ya miƙe zumbur, sannan ya tuna, ya koma ya zauna yana gyara maɗaurin agogonsa. Yara biyu gare mu. Abin da nake kawowa daga makaranta shi ne gidan.

Ranakun duk kamarsu ɗaya. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo da miyar kuka, ana idar da sallar asuba in ɗauki bokiti in nufi famfon bakin layi, don ruwan ba ya wuce fitowar rana. Ina dawowa shi kuma ya tafi layin esanko, wato kayan masarufin da ake sayarwa bisa ƙa'ida, madara da sukari da sabulu. Can zai wuni cikin rana tare da sauran mazan da aka sallama, ga masu kaki suna daidaita layi da bulala. Abin da ka je nema daban, abin da ya rage in an zo kanka daban. Akwai makon da muka tara sabulu sanda huɗu, ba mu ga ƙwayar sukari ba. Ya ce, “Ko ba komai za mu sha kunun tsamiya da tsabta.”

Ruwan sama kuwa ya yi ta wasa da hankalin mutane. Ya sauka sau biyu, aka yi shuka a 'yan filayen bakin kogi, sai ya ɗauke. Zafin da ya biyo baya mai ɗanshi ne, irin wanda riga ke manne wa mutum tun hantsi. Kwanon ɗakinmu yakan yi ta ƙas-ƙas da azahar kamar ana soya gyaɗa a kai.

Ni malamar Hausa ce a lokacin, a wata sakandaren jeka-ka-dawo tsakanin Makera da Kakuri. Kwana biyu da kama azumi Firinsifal ya aiko a kira ni. Dattijo ne siriri, ba mugu ba, amma tsimi ya shiga jininsa har ya zama masa aƙida.

“Malama Hauwa, zauna. Kin ji ana rage ma'aikata.”

“Na ji, Yallaɓai. A gidana ma an rage.”

“Ku uku ne masu Hausa. Daga sama an ce biyu sun isa. Malam Garba ya riga ki shiga aiki da shekara goma. Hajiya Rabi tana da digiri.”

Bai ƙarasa ba, ni ma ban taimake shi ba. Ya jawo wani fayil.

“Lissafin aji huɗu ba kowa. Tun da aka ce baƙi su koma ƙasashensu malaminsu mutumin Gana ya tafi, ɗan bautar ƙasan da ya riƙe mana shi ma ya gama. Na duba, kin ci lissafi a kwalejin horon malamai.”

“Da ƙyar, Yallaɓai.”

“Fayil bai rubuta da ƙyar ba. Sufeto zai zo ranar Laraba ta sama da ta sama. In ya same ki kina koyar da lissafi kamar mai lissafi, kin samu wurin tsayawa. In ya ga akasin haka, ke ce ta ukun masu Hausa. Iyakar abin da zan iya ke nan.”

Ya buɗe aljihun tebur da mabuɗi, ya ba ni alli biyu. Rabon mako ke nan ga kowane malami.

Sai na faɗi yadda makarantar take a shekarar, don kuskuren da na yi daga nan ya fito. Littafin rubutu ya yi wuya, iyaye suna kuka, sai Firinsifal ya kafa doka: babu barin gefe, babu tsallake layi, babu fili tsakanin aiki da aiki. Ranar Juma'a yakan zaga azuzuwa yana buɗe littattafai, wanda ya bar farin wuri ya sha bulala uku. Yara suka koyi rubutu kamar jerin tururuwa. Mu malamai ma haka. Allon ajina an shafe shi da garin gawayi da na tsohon batir, tsakiyarsa kaɗai ke karɓar rubutu, faɗin da bai fi tabarmar salla ba. Duk wanda ya yi wata uku a makarantar nan, hannunsa da kansa yake matse haruffa. Ko wasiƙa na rubuta wa mahaifiyata sai ta ce ta ba yaro ya karanta mata ya ce idonsa na ciwo.

Darasin da jadawali ya kai a kansa shi ne rabawa a aljabara, doguwar rabawa irin ta firamare amma da haruffa. Na buɗe littafin da mutumin Gana ya bari, na ga x da 'yan lambobi a kafaɗarsa, na rufe. Na nufi ɗakin sassaƙa wurin Malam Bitrus.

Malam Bitrus malamin aikin katako ne, mutumin kudancin jiha, yana zaune a unguwar Television, kullum bisa keke. Katako ya ƙare a makarantar tun zangon farko, saboda haka yakan wuni yana wasa zarto da kurfi waɗanda ba abin da za su yanka. Ina shiga ya tura kwalbar ruwansa bayan benci da ƙafa.

“Sha abinka, Malam Bitrus. Azumina ba ya karyewa da kallo.”

“A'a, Malama. Matata ta ce in na sha ruwa gaban mai azumi, in na mutu a layin famfo za a tashe ni.” Ya karɓi littafin ya duba. “Wannan ai bene ne. x mai uku a kafaɗa, hawa na uku. Mai biyu, hawa na biyu. x shi kaɗai, hawa na ɗaya. Lamba tsirara, ƙasa. Ki raba, ki ninka, ki ɗebe, ki sauko da na gaba. Haka za ki yi ta yi har ki taka ƙasa. Doka ɗaya ce, ɗan hawa na biyu ba ya ɗebuwa daga ɗan hawa na ɗaya.”

Kullum in an tashi sai in tsaya wurinsa rabin awa. Ba ma taɓa alli. Da ƙusa muke rubutu a ƙasan ɗakin, inda tsohuwar dusar katako ta kwanta. Shi ya koya mini gwada amsa: ka zaɓi wata lamba ka sa a madadin x, ka ga ko gefe biyun sun yi daidai. Ni kuma na riƙe ɗaya. Ɗaya ba ta wahalar da mai azumi, ko sau nawa ka ninka ta tana nan ɗaya. Duk lissafin da na yi na gwada da ita ya fita, shi kuma yana can yana wasa zarto bai lura da wace lamba nake sawa ba.

Wata rana, ina jin ta goma sha uku ga azumi, ya leƙo aikina ya ce, “Malama, rubutunki ya cika matsi. Wani lokaci za a ba ki bene da babu kowa a wani hawa. In yaro bai zo ba, kina goge layinsa a rajista?”

“Ina sa masa sifiri.”

“To haka nan. Ki sa sifiri, ki bar masa gurbinsa.”

Na ce to. Amma ranar kaina yana sara, idona yana ganin ƙusar biyu-biyu, ina tunanin ko maigidana ya samo gero. Maganar ta shiga ta zauna a wani lungu. Misalan littafin mutumin Gana kuwa duk cikakku ne, kowane hawa da mai shi, don haka ban taɓa cin karo da abin ba da hannuna.

A gida ba a maganar Laraba. Maigidana yakan tambaye ni, “Yaya bokon?” in ce, “Yana nan.” Sau ɗaya kawai, muna jiran kiran magariba, ga kunu da ƙosai shida a faranti, ya ce, “Maman Zainab, in abin bai yiwu ba, akwai ɗakin Yaya a Zariya.” Na san ɗakin. Na san kuma abin da faɗin maganar ya ci masa. Na ce a bari Laraba ta zo tukuna.

Ta zo da zafi tun asuba. Allin makon na riga na cinye ɗaya da rabi. Na je ofis na roƙi ƙari saboda baƙo. Firinsifal ya ɗauko guda, ya karya shi biyu, ya duba, ya miƙo mini ƙaramin.

An ce Sufeto zai shiga ajina a darasin farko. Bai zo ba. Na koyar da Hausa a aji biyu da baki kawai, ina tattalin alli. Aka yi ƙarfe tara, aka yi sha ɗaya. Sai da rana ta take tsaka, saura darasi ɗaya a tashi, wata tsohuwar mota ta tsaya gindin dalbejiya. Mutum ne gajere cikin kaftani ruwan toka, leɓɓansa sun bushe sun tsage kamar nawa. Ya shigo, yara arba'in da wani abu suka miƙe suka gaishe shi, ya wuce can baya ya zauna a ƙarshen benci. Firinsifal ya tsaya a waje jikin taga, hannuwa a baya.

Na fara da misalin da na shirya. Ya tafi sumul. Yara suna amsawa, har wasu na ɗaga hannu. Allin yana raguwa, amma na auna, zai kai ni. Ina shirin ba su aikin aji sai muryarsa ta taso daga baya, a hankali.

“Malama, ajiye naki. Ga nawa.”

Ya faɗa, ina rubutawa: 2x³ − 5x + 6, a raba da x + 2.

Hannuna ya rubuta shi yadda ya saba, kowane a jikin ɗan'uwansa, ba wurin da allura za ta shiga. Na raba na farko, na samu 2x², na ɗora a sama. Na ninka, ya ba ni 2x³ + 4x², na jera a ƙasa. 4x² ɗin nan ya faɗo daidai ƙarƙashin −5x, don shi ne maƙwabcin da ya tarar. Na ɗebe huɗu daga biyar ta bashi, wato −5, na samu tara ta bashi, na rubuta −9x, na sauko da shida. Na sake zagaye ɗaya. Amsa ta fito: 2x² − 9, saura 24.

Sauran nan ya ɗan tsaya mini a rai. Ashirin da huɗu ya yi yawa a tambayar da babba ya zo da ita a ka. Sai na ce bari in nuna gwaninta, in kuma kwantar da hankalina.

“Yanzu za mu gwada. Mu sa ɗaya a madadin x.”

Abin da ake rabawa ya ba da uku. Abin da ake rabawa da shi, uku. Uku a raba da uku, ɗaya. Na koma kan amsata: biyu a ɗebe tara, bakwai ta bashi, ashirin da huɗu a raba da uku, takwas, a haɗa, ɗaya. Ɗaya da ɗaya. Ajin ya ɗauki guna-gunin jin daɗi. Na hango Firinsifal yana gyaɗa kai. Na juyo ina kakkaɓe hannu, har na fara jin sanyin ruwan buɗa-baki a wuyana.

Sufeto bai ɗago daga takardarsa ba.

“Gwada da biyu.”

Na juya. Abin da ake rabawa, goma sha shida a ɗebe goma a ƙara shida, goma sha biyu. A raba da huɗu, uku. Amsata kuwa: takwas a ɗebe tara, ɗaya ta bashi, ashirin da huɗu a raba da huɗu, shida, a haɗa, biyar.

Uku a hagu, biyar a dama.

Na sake lissafawa a zuci. Biyar. Ajin ya yi tsit, har ina jin kwano yana ƙas-ƙas a sama, da wani mai tura baro can bakin titi.  Allin da ke hannuna bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na san saura 'yan mintoci a kaɗa ƙararrawa, kuma akwai hanyar fita wadda kowane malami ya sani: ka ce wa yara su je gida su gano inda matsalar take, gobe a tattauna. Bakina har ya fara haɗa kalmomin. Abin da ya hana ni ba jarumtaka ba ce. Na tabbata mutumin da ke bayan ajin ya ji wannan dabarar a makarantu fiye da yadda na ji kiran salla.

Na tsaya ina kallon allon. Da na rasa abin yi sai na shiga kiran sunayen hawa-hawan benen a zuci, ɗaya bayan ɗaya, kamar kiran rajista da safe. Hawa na uku, yana nan. Hawa na biyu. Hawa na biyu.

Babu kowa. Tambayar ta tsallake shi, ni kuma na jawo ɗan hawa na ɗaya na zaunar a kujerarsa, na ɗebe masa abin da ba nasa ba. Nan take kuma na ga yadda ɗaya ta yaudare ni. In x ɗaya ce, x² ma ɗaya ce, riga iri ɗaya suke sawa, ko ka musanya su ba mai ganewa.

Na juyo ga yara. 

“Na yi kuskure. Ku ja layi ɗaya a kan abin da kuka kwafa, kar wanda ya yage. Ku tsallake layi biyu. Wannan karon ku buɗe rubutunku, tsakanin kowane da kowane ku bar faɗin yatsa biyu.”

Ba wanda ya motsa. Idanu arba'in da wani abu suka koma taga. Wata daga gaba ta ce ƙasa-ƙasa, “Malama, an hana.”

“Na sani. Ku tsallake.”

Firinsifal ya yi gyaran murya. Ban dube shi ba. Na goge tsakiyar allon da tafin hannu, na rubuta da faɗi, har ina shiga inda allon ba ya kamawa: 2x³ + 0x² − 5x + 6.

“Wa ya ga x² a tambayar Yallaɓai?”

“Babu, Malama.”

“Bai zo ba. Me muke sa wa wanda bai zo ba a rajista?”

“Sifiri.”

“Muna ba wani kujerarsa?”

Wani daga baya ya ce, “Sai dai in mai fanka ce,” aka ɗan yi dariya, irin ta mutanen da suka daɗe da riƙe numfashi. Babu fanka a makarantar.

Na fara daga farko. 2x² a sama. Na ninka, 4x² ya faɗo ƙarƙashin sifirinsa, na ɗebe, ya zama −4x². Na sauko da −5x. Na raba, na ɗora −4x a sama. Ina cikin rubuta abin da ninkawar ta bayar, −4x² − 8x, sai farcena ya karci allo. Allin ya ƙare. Na duba yatsuna, farin gari ne kawai.

Ban dubi taga ba, don na san mabuɗin aljihun tebur yana ofis, ofis kuma yana ƙetaren fili. Ban dubi Sufeto ba. Gumi yana gangaro mini daga ƙarƙashin ɗankwali har cikin ido. Na shafo goshina da yatsa, na ɗora a allon. Da yake ya sha garin alli ya yi fari-fari, sai danshin ya fito baƙi, ana gani.

“Ku kwafa da sauri, wannan tawadar ba ta jira.”

Takwas a haɗa da biyar ta bashi, 3x. Na shafo goshi. Na sauko da shida. Na shafo. Uku a sama. Kafin in gama layi na ƙasa na sama ya fara bushewa, yara suna ta faɗa mini abin da ya ɓace. 3x + 6 a ɗebe 3x + 6. Na zana sifiri babba da ɗan yatsa, ya tsaya kamar ƙiftawa uku, ya shuɗe.

“Amsa?”

Suka haɗa baki: 2x² − 4x + 3.

“A sa biyu.”

Takwas a ɗebe takwas a ƙara uku. Uku. Ƙararrawa ta kaɗa ina jingine da tebur.

Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa yana rufe alƙalami.

“Me ya sa kika gwada da ɗaya?”

“Ita ce ba ta cin alli, Yallaɓai.”

Bai yi dariya ba. Ya buɗe alƙalamin ya ƙara rubuta wani abu.

“Me kika karanta?”

“Hausa.”

“Na gani,” in ji shi. Me ya gani, bai faɗa ba. Ya shiga motarsa. Firinsifal ya bi ni da ido har na ɗauki jakata, sannan ya ce, “Layi biyu, Malama. Sau arba'in da uku.”

Daga nan sai jira. Goman ƙarshe ta shiga, ruwa ya dawo kamar da gayya, rariyoyin Makera suka cika suka tumbatsa, masara ta miƙe a bakin kogi. Ni ban ga kyansa ba. Kullum in na shiga makaranta sai na fara duban fuskar masinja. Malam Bitrus ya ɗora wa kansa laifi, ya ce da ya leƙa ya ga lambar da nake sawa. Na ce masa ɗaya ta yaudari waɗanda suka fi mu. A gida na faɗi abin da ya faru tun daga farko har ƙarshe, ban rage ba. Maigidana ya saurara, ya ce, “Kin dai gama lissafin?” Na ce na gama. Ya ce, “To.” Washegari na ga ya sauko da babban akwatinmu daga kan kabad yana gyara masa ƙarfen kulle. Ban tambaye shi ba.

Saura kwana uku salla takardu suka iso. Masinja ya shigo ɗakin malamai da ambulan huɗu masu ruwan ƙasa, yana kiran suna ba ya ɗaga ido. Nawa ne na uku. Biyu suka buɗe nasu nan take. Ɗaya ya ninke ya sa a aljihu ya fita bai ɗauki hularsa ba. Ɗayar, malamar koyon girki, ta zauna a ƙasa, ba a kujera ba, Hajiya Rabi ta riƙe ta. Na sa nawa a jaka na ja zif.

Malam Bitrus ya raka ni har mararraba yana tura kekensa, bai hau ba. Bai ce in buɗe ba. Da za mu rabu ya ce, “Allah ya sa mu ji alheri, Malama.” Na ce amin.

Na ajiye ambulan ɗin a kan tabarma tsakanin kwanon kunu da buta. Maigidana ya dube shi, ya dube ni.

“Ba ki buɗe ba.”

“Sai an sha ruwa. Kowane iri ne, ba na so ya same ni da busasshen maƙogwaro.”

Muka zauna. Zainab tana ta tambaya ko wasiƙar Kaka ce. Ban taɓa ganin rana ta yi nawar faɗuwa irin ta ranar ba. Da ladan ya ɗaga murya na sha ruwa kofi guda, ya gangara ina jin sa har ciki, sannan na tura masa takardar.

Ya yage bakin a hankali da ɗan yatsa. Turanci ne, layi biyar. Ya karanta a zuci, leɓɓansa na motsi, ya koma farko ya sake. Sannan ya karanto mini. An mayar da ni sashen lissafi daga zango mai zuwa. An kuma umarce ni in halarci kwas na dogon hutu, saboda, in ji takardar, akwai sauran gyara. Koyar da lissafin nan shi ne hukuncin da na yi shekara talatin da ɗaya ina yi, har na yi ritaya.

Ya ninke takardar yadda ta zo, ya ɗora a kan cinyata. Kununsa yana gabansa bai taɓa ba. Ya ce bari ya yi alwala, alhali da alwalarsa ya zauna. Ya ɗauki buta ya zaga bayan ɗaki. Ina jin ruwa yana zuba, ya tsaya, ya sake zuba. Zainab ta miƙe za ta bi shi, na riƙo hannunta na ce ta zauna, Baba yana zuwa.